Geron da Na Shuka a Barikin Soji

Tamma uku Inna ta ƙulle mini a bakin zane ranar da zan bar Matamaye, kuɗin tunkiyarta ke nan, ta haɗa mini da ƙullin garin gero. Baba bai ba ni ko wuri ba, magana ya ba ni. Ya ce, "Ilu, ruwan fari ya same ka a gida." Na ce in Allah ya so. Gonarmu ta hanyar Dawce kun san girmanta, shi kuwa lokacin bayansa ya fara rusunawa, kuma ni kaɗai ne namiji a gabansa. Kai Sale, ɓarar gyaɗa na sa ku, ba ci ba. Ta iri ce, in ka cinye badi sai mu shuka ka.

Kwana uku muna taka sayyada, ni da sauran 'yan ci-rani, kafin mu shiga Damagaram. Na sauka a Zango, gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, Malam Habu, mutumin da ko hayaƙin girkin gidansa ka shaƙa sai ya harare ka. Aiki kuwa na samu a wani ƙaramin barikin sojin doki can bayan gari, na zama ɗan ciyawa. Da asuba in ɗauki lauje in nufi fadama, in dawo da dami a ka, sannan in kwashe kashin dawaki daga barga in jibge a baya. Mai barikin wani Annasara ne ja kamar nunannen gauta, ana ce masa Lajidan. Maganarsa duk "ale, ale", ni na yi kwana biyu ina tausayin wannan Ali da ake kira ba ya amsawa, ashe mu ake kora. In kuma ya ce "gardabu", sai ka ga ƙartin maza sun sandare, ko ƙuda ya sauka a hanci ba mai korewa. Mai juya mana maganarsa shi ne Kafaran Musa, mutumin yamma, Hausarsa a karye, bulalarsa kuwa lafiya lau.

Wajen bazara muka ɓata da fatoma. Na dawo a gajiye ya tare ni a zaure.

"Kai ɗan Matamaye, warin dokinka na kora mini fatake."

"Malam, kuɗin warin nan kake karɓa duk Juma'a, ban taɓa jin ka ce suna wari ba."

Kafin in rufe baki tabarmata na waje. A makon nan kuma aka busa ƙaho a bariki, soji suka ɗaure kaya suka yi arewa, wai ana neman su can. Sun ciccire ƙyamare, sun kwashe har turakun dawaki, suka bar gwangwanaye da ƙudaje. Ba wanda ya ce mana ku tafi ko ku zauna. Ni da ba ni da wurin kwana sai na shimfiɗa tabarmata a ɗakin Lajidan kansa, na miƙe ƙafa inda a da ko leƙawa ba na yi.

Nan Shaiɗan ya same ni. Kullum na fito sai idona ya faɗa kan filin nan da dawaki suka shekara da shekaru suna takawa, taki ya yi baƙi ƙirin, in ka tura ƙafa sai ta nutse. Ku ba ku san abin da wannan ke yi wa zuciyar manomi ba. Na tuna gonarmu, rairayi ne da ya gaji, na ce damina ɗaya a nan za ta ci da gidanmu shekara biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, 'yan ci-rani suna naɗe tabarmi suna kama hanya, ni ina zaune. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na sani, ba sai kun gaya mini ba.

Amma ban yi sata ba, wannan ku rubuta a goshinku. Na sayi goro na tafi wurin mai unguwar da ke kusa, dattijo mai furfura har a gira. Ya ce kafin soji su zo, wurin gonakin iyayensu ne, kuma kufai na mai share shi ne, haka aka gada. In na girbe in kawo masa dami ɗaya. Aka shafa fatiha gaban mutum huɗu. Na aika wa Baba ta bakin wani mutumin Dungu cewa ya yi haƙuri ya noma abin da ya iya, zan zo da kaka da jakai a bayana. Ruwan fari ya same ni a bariki, na shuka.

Ban taɓa ganin gero irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Kara kamar damtsena, mahayin doki ya shiga ba ka ganin hularsa. Ya fid da kai, ya yi bununi, ido ya fara zama. Mutane daga Birni suke zuwa kallo. Har Malam Habu ya zo yana washe baki, wai ɗakina na nan. Kwana ashirin suka rage in sa hannu.

Sai ga Lajidan wata hantsi, shi da Kafaran Musa da gardi biyu. Ya tsaya yana kallon geron kamar ya ga ƙazanta a masallaci.

Kafaran ya ce, "Ya ce wa ya ba ka?"

"Mai unguwa, gaban shaidu."

"Ya ce nan taran militar ne. Ƙasar soji."

"To ina sojin?"

"Ya ce ko ba soji, ta soji ce."

Kun ji fa. Gidan da ba ƙyaure, ba wuta, ba mai kwana sai ni da jemagu. Wai babban kumandan zai zo duba bariki bayan kwana huɗu, dole ya iske fili fes. Na durƙusa na roƙi kwana ashirin. Na ce su ɗauki rabi. Na ce su ɗauke duka su ba dawakinsu, su dai bar shi ya nuna. Mai unguwa ya zo ya tuɓe takalmi ya fara bayani, aka ambata masa kaso, wato kurkuku, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba. Sai Lajidan ya dube ni da kyau ya gane ni, ya yi dariya ya ce ai ga ɗan ciyawarsu, a kawo mini laujena.

A ƙasarmu ko maƙiyinka ba ya sa ƙarfe a ɗanyen gero. Akuyarka ma in ta shiga sai an kai ka gaban mai gari. Ni aka sa na yi da hannuna, gardi na tsaye a kaina da bindiga. Kwana uku ina yanka, ruwan kara na bin hannuna, ina kuka ba na ɓoyewa.

Babban kumandan ya zo. Wallahi bai sauka daga kan doki ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya sa aka kafa ƙyaure aka garƙame da kwaɗo, alhali katangar gabas ta zube, jaki da kaya zai wuce. Suka juya. Geron ya ruɓe a inda na tara shi, ko doki ɗaya bai ci ba. Shekarun baya na bi ta wurin, tumfafiya ta cika shi, kwaɗon na nan ya yi tsatsa, ba sojan da ya sake kwana ciki.

Na iso gida da lauje da tabarma. Gonarmu rabinta ciyawa ta cinye, Baba ya rame. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Da hannun wa aka yanke?"

Na ce, "Da nawa, Baba. Amma bindiga ce a kaina."

Ya ce, "Na ji."

Shekarar nan tafasa da rama suka riƙe mu, Inna ta sayar da tasoshinta. Da ruwa ya sauka muka fita shuka, na kai hannu zan ɗauki ƙwaryar iri, sai Baba ya janye ta a hankali ya miƙa wa Inna, ni ya ba ni sungumin saran rami. Har ya koma ga Allah bai sake ba ni ita ba, ni ma ban nema ba.

Kullum kuna tambaya don me nake gaba ina sara kuna zubawa a bayana, to kun ji. Sale, tattara gyaɗar nan ka zuba a tulu ka liƙe. Kai za ka zuba, ni ba na taɓawa.