Katifar da Ɗan Haya Ya Bari

A ɗakin jiran ganin likita, wata tela ta zauna a benci kusa da wani dattijo da ke ta susar wuya. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Baiwar Allah, 'yan haya ba su da kunya! Rabin ɗakunan gidana babu kowa yanzu. Wai kuɗin cizo ne ya kore su."

"To ka sa an yi feshi, Baba?"

"Feshi? Ni na haifi kuɗin cizon? Mai kwana a ɗaki shi zai kashe ƙwarinsa!"

Ran telar ya ɓaci, don irin wannan maigidan ne ya sa ta kwashe 'ya'yanta ta tashi bara.

"Haba Baba! Ƙwaro ya san iyakar ɗaki? Wannan ya fesa, su bi tsagar bango su koma wa maƙwabcinsa. Gidan gaba ɗaya ake yi wa, kuma aikinka ne. Wa zai kama ɗakin da duk unguwa ta san labarinsa?"

"Fitina ce kawai irin tasu! Na ƙarshen ma, don ya ba ni haushi, tafiya ya yi ya bar katifarsa sabuwa fil."

"Ka dai ƙona ta?"

"In ƙona? Katifa mai kyau haka? A kanta nake kwana."

Ta dubi ƙurajen da suka jeru a wuyansa. Ta janye jakarta, ta miƙe tana karkaɗe zani.

"Ina za ki? Ga wuri."

"Yi zamanka, Baba. Kai da sababbin 'yan hayarka kun cika bencin."