Ranar da Aka Kawo wa Saja Mota Mai Kuloci

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu da rai har muka ga juna yau. Fasto, dattawa, 'yan'uwana na Zumuntar Mata, ku yi mini haƙuri idan muryata ta hau sama. Shaida aka ce in bayar, ba faɗa ba, amma maganar nan har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rifkatu, matar Saja Ishaya, muna zaune can kan hanyar Dabai. Maigidana direba ne a soja. Tun yana saurayi sitiyari ne abincinsa, manyan motoci yake ja, kuma in ya zo hutu ko motar maƙwabci ce sai ya karɓa ya zaga gari da ita don kada hannunsa ya yi sanyi.

Sai nakiya ta tashi da motarsu a arewa maso gabas. Allah ya dawo mini da shi da rai, amma ƙafar hagu ta tsaya can, tun daga cinya. An ba shi ƙafar roba, ya sa ta ya cire, ya jingine ta bayan ƙofa kamar tsintsiya.

Sau ɗaya ya yarda ya hau acaɓa zai zo sujada. A gaban kasuwa suka faɗi. Mutane suka taru suka ɗaga shi, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙugu, kowa na cewa, “Sannu Saja, wayyo Saja.” Da muka koma gida ya ce da ni, “Maman Hannatu, ba a sake ɗaukata gaban jama'a.” Daga ranar bai ƙara tsallake ƙofar gida ba.

Kun san sojojinmu na Zuru. Gara ka zage su da ka ji tausayinsu.

Ya daina aski. Tuwo in na kai masa sai ya yi loma biyu ya ture. Tsohuwarsa tana Dabai tana aiko da saƙo ya zo ta gan shi, ya ce a ce mata yana nan lafiya. Ranar da ya ce mini da ma shi ma ya tsaya can tare da ƙafar, ranar na san cewa mijina mutuwa yake yi a zaune, ni kuma ina kallo.

'Yarmu Hannatu, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ita ta kawo shawara. Ta ce, “Mama, akwai mota atomatik, ba ta da kuloci. Ƙafar dama kaɗai take so. Baba zai iya tuƙa ta.” Ta nuna mini a waya wani kamfani a Kaduna da aikinsu ke nan: ka faɗi irin motar da kake so, su nemo maka, su duba, su kawo har ƙofar gida. Ba sai ka je ka yi ta yawo cikin dillalai ba.

Na sayar da aladuna kaf, har da babbar uwar da nake ji da ita. Na sayar da dawar rumbu. Hannatu ta cika sauran. Ban gaya wa Saja ba, domin na san zai ce a'a kafin in rufe baki.

Na kira manajan kamfanin da kaina. Na ce masa atomatik. Na gaya masa dalili, na ce mijina ba shi da ƙafar hagu, shi zai tuƙa. Na maimaita har ya ce, “Madam, na ji ai.” Sai ya ce, “To, ba wani namiji a gidan da za mu riƙa tuntuɓa kan maganar inji?” Raina ya sosu, amma na haɗiye. Na ba shi lambar Ɗanladi, ƙanen Saja, wanda ke jan motar haya tsakanin Zuru da Danko. Na ce a raina ai ɗan'uwansa ne, ciki ɗaya.

Ranar da suka ce motar ta kamo hanya, na sanar da Fasto, kamar yadda muka saba, a zo a yi wa sabuwar mota addu'a kafin a shiga da ita ko'ina. Matan zumunta suka zo da ganga da kacau-kacau. Na dafa shinkafa. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Na shiga ɗaki na durƙusa gaban Saja na ce, “Baban Hannatu, don girman Allah ka fito ka ga wani abu.” Na gaya masa komai. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandunansa.

Ya fito! Mutumin da rabonsa da rana tun faɗuwar nan ta kasuwa ya fito, mata na guɗa. Motar tana ƙyalli, fara tas. Ya zagaya ta a hankali, ya shafa ta, ya buɗe ƙofar direba, ya ba ni sandunan, ya zauna. Na ga hannunsa ya sauka kan sitiyari kamar da. Sai ya duba ƙasa.

Abin takawa uku. Totur, burki, da kuloci.

Ya kalli giyar, ya sake kallon ƙasa, wajen da ƙafarsa ta hagu ya kamata ta kasance. Ganga ta yi shiru. Ya karɓi sandunansa daga hannuna, ya ratsa ta cikin mutane, ya shiga ɗaki ya sa sakata.

Jama'a, na yi ta neman ƙasa ta tsage in shige! Ni da hannuna na tara masa gari, na fito da shi, don a nuna masa abin da ba shi da shi.

Na juya kan Ɗanladi, domin na ga yana sunne kai. Na ce, “Kai, mi ya faru?”

Ya ce, “Matar Yaya, ki kwantar da hankalinki. Manajan ya kira ni, munka yi shawara. Mi za a yi da atomatik a Zuru? In batir ya mutu ba a tura ta ta tashi. Makanikanmu ba su san kanta ba. Ga tudu, ga ramuka. Wagga ita ce motar ƙasarmu.”

Na ce, “To da wace ƙafa zai taka kulocin?”

Sai ya ce, wallahi da bakinsa ya ce, “Haba, ai ba Yaya ne za shi tuƙi ba. Ni zan riƙa kai shi duk inda shike so.”

Fasto shaida ne, da ba a riƙe ni ba da tukunyar shinkafar nan a kan Ɗanladi za ta ƙare. Maza biyu sun zauna a waya, ɗaya a Kaduna ɗaya a tashar Danko, sun yanke cewa mijina ya gama. Sun binne shi da ransa, ba su ko tambaye ni ba, ni da na sayar da aladuna! Ni da na faɗa, na maimaita, na ba da dalili! Maganata ba ta kai ta namijin da ko taya ɗaya bai saya ba.

Mutane suka watse ba a yi addu'ar ba. Washegari Saja bai buɗe ƙofa ba. Na ajiye koko a bakin ƙofa, na dawo na tarar ƙudaje sun sha rabonsu. Motar tana tsaye a tsakar gida, in na wuce sai in ji kamar in ɗauki taɓarya in farfasa gilasanta.

Da rana tsaka na tafi bayan gida, cikin garken aladun da ba kowa a ciki. A nan na durƙusa. Ba zan yi muku ƙarya ba, addu'ar nan ba mai ladabi ba ce. Na ce, “Ubangiji, kana gani ko ba ka gani? Ka dawo mini da shi daga bakin nakiya don ya zo ya ruɓe a ɗaki? Na yi iyakar abin da mace za ta yi, ga abin da ya fito. Ni na gaji. Ba ni da sauran dabara, ba ni da sauran alade. In za ka tashe shi, ka tashe shi da kanka!” Na yi kuka na ƙoshi. Ban ji murya daga sama ba. Abin da na ji kawai shi ne in tashi in sake kiran manajan nan.

Na tsaya a tsakar gida na kira shi. Wayata tsohuwa ce, sai na buɗe lasifika nake jin magana, kuma ban lura cewa a gindin tagar Saja nake tsaye ba.

Na ce masa su zo su ɗauki motarsu su kawo abin da na ce. Ya ce kayan da aka kai an kai ke nan. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Sai ya ce, “Madam, ni ba na jayayya da mata kan mota. Mun gama magana da namijin gidan. Shi gurgun ai zama zai yi a kai shi, mene ne na tayar da jijiyar wuya?”

Na ji ƙarar sakata.

Saja ya fito, gemu buzu-buzu, ido jawur. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Muryar da ya yi magana da ita, rabona da jinta tun muna bariki.

Ya ce, “Saja Ishaya ne ke magana. Ni ne gurgun. Matata ta ba ka umarni, ka taka shi. Ka zauna a ofishinka, ina zuwa.”

Ya kashe wayar ya dube ni. “Maman Hannatu, ɗauko mini ƙafar nan ta bayan ƙofa. Ki goge mini wando. A kira mai aski, a kira Ɗanladi. Akwai sauran tuwo?”

Haleluya! Ya cinye kwano guda, ya nemi ƙari.

Da sassafe muka kama hanya. Ɗanladi ke tuƙa farar motar, Saja na gefensa, ni ina baya. Tun daga Rijau har Kontagora Saja bai bar yaron nan ya huta ba. “Sauya giya! Haka aka koya maka? Ba ka ga rami ba?” Ɗanladi sai zufa yake, yana “To Yaya, to Yaya.” Ni kuwa ko tausayinsa ban ji ba.

Da muka isa, ofishin cike da masu neman mota. Manajan ya fara kawo dogon turanci, wai ƙa'idar kamfani, wai shawarar ƙwararru ce aka ba mu don amfaninmu. Saja ya bar shi ya gama. Sai ya zauna, ya naɗe wando, ya kwance ƙafar roba, ya ɗora ta kan teburin mutumin, da takalminta da safarta.

Ya ce, “Ga ta nan. Tunda kai ƙwararre ne, ɗauke ta ka je ka taka kuloci da ita, in gani. In ta taku, na tafi da motar.”

Wata mata da ta zo da mijinta ta ja jakarta ta miƙe. Wani ya fara ɗaga waya zai ɗauki bidiyo. Nan take manajan ya tuna cewa akwai wata atomatik a bayan fili.

Ba ta kai farar kyau ba, in gaya muku gaskiya. Ruwan toka ce, da ɗan lotsawa a ƙofar baya. Saja ya sa aka buɗe inji, ya saurara, ya duba ƙarƙashinta, ya ce ta yi. Manajan yana ta “Yallaɓai a yi haƙuri, yallaɓai kuskure ne.” Ni da ya raina, ni da ya ƙi jin maganata, ko kallona bai yi ba. Har yau bai ba ni haƙuri ba. Fasto ya ce in yafe, ina kan ƙoƙari, ku taya ni da addu'a, domin abin bai sauka ba tukuna. Ɗanladi dai ya durƙusa ya roƙe ni a gaban yayansa, na ce ya tashi kafin in canza ra'ayi.

Da za mu dawo, Ɗanladi ya nufi ƙofar direba, wai hanya da nisa. Saja ya ce, “Koma baya.” Ya dube ni ya ce, “Ke, zo nan gaba.”

Ya tayar da mota. Ya sa ƙafar dama. Muka fita daga filin nan sumul, ko girgiza babu. Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga hawayena, sai na ji yana yin fito da baki, irin wanda yake yi in yana jan babbar mota.

Da muka shigo Zuru bai tsaya a gida ba. Ya wuce kai tsaye Dabai. Ya yi oda a ƙofar gidansu, tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta leƙa ta ga wanda ke riƙe da sitiyari. Ta zauna a ƙasa tana kiran sunansa na yarinta.

'Yan'uwa, ni mota na roƙa. Na ɗauka farar mota mai ƙyalli ce za ta tayar da mijina. Ashe Ubangiji zagin wani marar kunya zai ɗauka, ya ratsa da shi ta taga, ya tashe shi tsaye. Ban ce abin da suka yi daidai ne ba. Mugunta ce da raini, kuma duk matar da za ta sayi abu ta hannun irin kamfanonin nan, kada ta yarda a ce mata ta kawo namiji. Amma Allahnmu ya fi su wayo.

In kana da wanda ya kulle kansa a ɗaki, kada ka daina kai masa koko. In addu'arka ta fito da fushi, ka yi ta haka nan, Yesu ya ji tawa a cikin garken aladu. Ku dogara gare shi.

Fasto, addu'ar nan da ba a yi ba ranar, muna roƙo a yi ta yau bayan sujada. Motar tana waje gindin mangwaro, mai ruwan toka. Wanda ya tuƙo ta kuma ga shi can a layin maza, kusa da ƙofa, yana hararata don na tona shi. Baban Hannatu, ɗaga makullin su gani.

Na gode wa Yesu! Ku yabi Ubangiji!