Gefen da Ya Dushe

A rumfar wani tsohon maƙerin azurfa, wanda aka daina kawo wa irin aikin da ya fi ƙauna, wata yarinya da ta rasa mahaifiyarta bara ta buɗe tafin hannunta. Kan sarƙa ne shuɗi, da jan dutse a tsakiya.

"Baba, a sake masa fenti. Gefen nan ya dushe."

"Fenti? 'Yar nan, da zagi kika zo?" Ya yi dariya. "Gilashi ne. Daka shi ake yi ya zama gari, a zuba a kan azurfa, a sa a wuta. Sai ki ga ya narke ya kwanta luf, kamar sama bayan an ɗauke ruwa."

"To, a mayar da shi wutar. Na Innata ne, so nake ya koma sabo."

"Zan iya. In cire dutsen, in gasa, ya fito yana ƙyalli. Amma ɗora babban yatsanki nan tukuna."

Ta ɗora. Yatsan ya zauna daram.

"Innar taki mai yawan tunani ce, ko?"

"In tana jiran Babanmu a bakin taga, haka take ta murza shi. Wa ya gaya maka?"

"Gilashin. Shekaru ta yi tana murzawa kafin ya dushe haka. Wuta kuwa ba ruwanta, shafewa za ta yi."

Yatsan yarinyar yana kai da kawowa a hankali a kan gefen.

"Bar shi haka, Baba."

Ranar ta gane cewa gefen da ya dushe shi ne inda Innarta ta fi taɓawa.