Hoton Baba Yana Shan Sanyi

A rumfar cajin waya ta tashar Rogo, wani dattijo yana fifita da hularsa, yana yi wa matar da ke gefensa hira.

"'Yata Mas'uda tana Legas, a gidan na'urorin da ke ajiye hotunan wayoyin jama'a. Ita ke kula da sanyinsu. Bana har yaba mata aka yi, ta rage musu shan wuta."

"Ikon Allah! Ta zo sallah kuwa, Baba?"

"Ina fa! Tana matsawa na'urorin za su ɗau zafi."

"Kai fa? Ga gumi har gemu."

Dattijon ya ce, "Ai ta ce hotona ma yana ciki."

"To madalla. Ko ba komai, hotonka yana shan sanyi."