Dutsen Teku a Ruwan Jego

GWAGGO: Alo? Alo? Wai nan ake dannawa? Salamu alaikum.

ZAYYAD: Wa alaikumus salam. Gwaggo, ke ce da wayar Lubabatu? Ina kwana?

GWAGGO: A'a, Zayyad ne? Lafiya lau. Ka sauka lafiya? Yaya hanya?

ZAYYAD: Lafiya ƙalau. Yaya gajiya? Yaya ɗawainiya?

GWAGGO: Ɗawainiya ai tamu ce. Yarinya ba uwa, in ban baro Badafi na zo na yi mata wankan jego ba, wa zai yi? Yaya Tudun Wadan? Kasuwa ta cika?

ZAYYAD: Ta cika maƙil. Yaya mai jego? Yaya baƙuwar tamu?

GWAGGO: Mai jego tana banɗaki, yanzu na gama gasa ta, na bar ta tana ƙarasawa. Baƙuwa kuwa ta sha nononta ta yi barci. Kwana shida a duniya, amma barci kamar na ubanta.

ZAYYAD: Kai, Gwaggo! To albishirinki, na samu rago.

GWAGGO: Rogo? Me za mu yi da rogo ranar suna?

ZAYYAD: Rago! Ragon suna!

GWAGGO: Oho, to ka daina magana cikin hanci. Ka duba haƙoransa? Kada su haɗa ka da tsoho mai... uhum... uhum-uhum!

ZAYYAD: Sannu. Tari kike?

GWAGGO: Hayaƙi ne. Itacen nan ɗanye aka kawo mana.

ZAYYAD: Sannu. Gwaggo, don Allah ki ɗan kasa kunne wajen falo, kina jin ƙarar famfon akwatin nan? Jiya batirin sola ya yi ƙasa.

GWAGGO: Na san za a zo nan. Ka tambayi 'yarka sau ɗaya, yanzu za ka tambayi ƙwarinka sau goma. Mutum ya je bautar ƙasa har Legas, kowa ya dawo da abin arziki, kai ka dawo da akwatin gilashi. Ba kifin da za a soya, sai jatan lande biyu da dodon koɗi da ƙaguwar nan mai kwana a gidan aro. Kullum kana dama musu gishiri kana awo kamar mai haɗa magani.

ZAYYAD: Ruwan teku suke so, Gwaggo, in gishirin ya yi yawa ko ya gaza mutuwa suke. Yana ƙara dai?

GWAGGO: Yana ta gurnaninsa. Ai yau ma sai ka gode mini, na yi maka gyara.

ZAYYAD: Gyara? Wane irin gyara?

GWAGGO: Gobe suna, mata za su cika falon nan tun daga Badafi har Bebeji. Ka san bakin mata. Su zo su ga dutse ya yi gansakuka a tsakiyar ɗaki, su ce ni Dije na kwana shida a gidan ban ga ƙazanta ba? Ba da ni ba.

ZAYYAD: Gwaggo, wane dutsen?

GWAGGO: Babban nan na tsakiya, mai tsiro kore-kore kamar maɓallan riga.

ZAYYAD: Ba gansakuka ba ce! Murjani ne, Gwaggo, rai gare shi! Me kika yi masa?

GWAGGO: Ni za ka gaya wa murjani? Murjani ja ne, da shi aka kai ni ɗakin miji. Wannan kuwa yauƙi ne da ƙarni. Na ciro shi na sa a baho, na dirje shi da soson ƙarfe...

ZAYYAD: Da hannu? Hannu haka ba safa?

GWAGGO: To da ƙafa zan dirje? Ya ƙi fita, sai na ga ga ragowar ruwan jego yana tafasa a tukunya, na ɗebo bokiti guda na sheƙa masa. In ya jiƙa zai saki.

ZAYYAD: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tafasasshen ruwa?

GWAGGO: Yo mene ne na salati? In sun mutu ai dutsen yana nan, wasu sa tsiro.

ZAYYAD: Gwaggo, ki saurare ni da kyau. Bakinki yana ɗaci? Kamar kin tsotsi ƙarfe?

GWAGGO: Wa ya gaya maka? Tun ɗazu nake tofar da yawu.

ZAYYAD: Idonki fa?

GWAGGO: Yana yaji. Hanci kuma sai zuba. Na ce maka itacen ne.

ZAYYAD: Ba itace ba ne. Dafi ne. Abin nan dafi gare shi, in ruwan zafi ya taɓa shi sai dafin ya bi tururi, duk wanda ya shaƙa... Alo? Gwaggo? Alo!

GWAGGO: Ina jinka, ka tafi ka dawo. Dafi ka ce? Kamar na maciji?

ZAYYAD: Ya fi na maciji. Ina bahon yake yanzu? Ki ce mini a tsakar gida yake.

GWAGGO: A falo yake.

ZAYYAD: A falo!

GWAGGO: Dutsen da nauyi, ga shi yana ɗiga. Kuma na san in mai jego ta gani za ta hana ni, shi ya sa na jira ta shiga wanka. Na ja ƙofar na rufe don kada ƙarnin ya fito.

ZAYYAD: Kin rufe. To jaririyar tana ina?

GWAGGO: Tana...

ZAYYAD: Gwaggo! Jaririyar tana ina?

GWAGGO: La'ilaha illallahu. Tana uwar ɗaka.

ZAYYAD: Uwar ɗakan da labule kawai ya raba ta da falon?

GWAGGO: Wayyo ni Dije! Wayyo na kashe 'yar mutane! Lubabatu! Lubabatu, fito!

ZAYYAD: Tsaya! Kada ki ruga haka! Tun yaushe kika zuba ruwan?

GWAGGO: Ban sani ba, yanzun nan, ko kunun da na zuba ban shanye ba. Bari in ɗauko bahon in watsar!

ZAYYAD: A'a! Kada ki taɓa bahon, kada ki sunkuya kansa! Tagar uwar ɗakan a buɗe take?

GWAGGO: Ni na rufe ta da asuba saboda sanyi. Kuma ƙarafa ne, ko hannu ba ya shiga sosai.

ZAYYAD: Ya Allah. To ba hanya sai ta falon. Ki bankaɗe ƙofar ki ja baya. Ki jiƙa mayafinki ki ɗaure hanci da baki. Kina jina?

GWAGGO: Na jiƙa, na jiƙa. Hannuna kamar ana tsira mini allura a yatsu.

ZAYYAD: Hannunki! Gwaggo, hannun da kika dirje dutsen! Kada ki taɓa ta da shi! Ki wanke da sabulu, ruwan randa, ba na tukunya ba. Sannan ki ɗauki zani mai tsabta ki naɗe ta da shi, kada fatarki ta taɓa tata.

GWAGGO: Ga mai jego ta fito. Ke, tsaya nan! Tsaya na ce! Riƙe wayar nan, mijinki ne.

LUBABATU: Malam? Me ya faru? Gwaggo tana kuka, ta tare ni a ƙofa. Me ya samu 'yata?

ZAYYAD: Lubabatu, ki natsu. Gwaggo ta zuba wa dutsen akwatin nan ruwan zafi a falo, tururin dafi ne. Kada ki shiga.

LUBABATU: Dafi? 'Yata tana ciki ka ce kada in shiga? Gwaggo, sake ni!

ZAYYAD: Lubabatu! In kika shaƙa wa zai shayar da ita? Ki ba Gwaggo hanya!

LUBABATU: Tana cewa ita ta riga ta shaƙa, ita za ta shiga. Malam, tsohuwa ce, tari take kamar ƙirjinta zai tsage!

ZAYYAD: Ki gaya mata ta ja numfashi a waje ta riƙe, ta bi ta jikin bango, nesa da bahon. Ta rufe fuskar yarinyar da zanin kafin ta fito.

LUBABATU: Gwaggo, ta jikin bango! Ki rufe mata fuska! Ta shiga. Wayyo Allah, Malam, falon duk ya yi hazo, har gilashin taga yana zufa. Wani irin wari...

ZAYYAD: Ja baya! Koma bakin zaure!

LUBABATU: Ba zan iya ba. Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Hasbunallahu... Ban ji kukanta ba. Malam, ban ji kukanta ba!

ZAYYAD: Barci take, Gwaggo ta ce barci take. Kina ganin Gwaggon?

LUBABATU: Labule ya rufe ta. Ban ga kowa ba.

ZAYYAD: Kai mai igiya, don Allah sakar mini riga, ba na sayen igiya! Riƙe ragon, riƙe shi kawai! Lubabatu? Alo? Alo! Wannan wace irin masifar layi ce!

LUBABATU: ...fito! Ta fito! Gwaggo, kawo ta, kawo ta nan!

ZAYYAD: Alhamdulillahi! Ku fita ƙofar gida, inda iska take. Buɗe mata fuska. Yaya take?

LUBABATU: Idonta a rufe.

ZAYYAD: Tana numfashi? Dubi cikinta, yana ɗagawa?

LUBABATU: Ban sani ba, ban gane ba! 'Yata, 'yata, ki tashi mana!

ZAYYAD: Leɓenta wane launi? Ja ne ko ya yi duhu?

LUBABATU: Ja ne. Ina ga ja ne.

ZAYYAD: Ɗan ɗalle mata tafin ƙafa. Da ƙarfi, kada ki ji tausayi.

LUBABATU: Na yi. Ba ta... ta yamutsa fuska! Ta yi atishawa! Ka ji? Ka ji ta?

ZAYYAD: Na ji. Wallahi na ji. Ku bar ta ta yi kukan, ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba. Amma ba a gama ba, Lubabatu. Abin nan yakan ɗauki awoyi kafin ya nuna, zazzaɓi da shaƙewar ƙirji. Asibiti za ku yanzu, ku duka uku.

LUBABATU: Gwaggo ta zube a dakali. Gwaggo! Ta ce ƙirjinta kamar an ɗora mata turmi. Numfashinta yana fito.

ZAYYAD: Ki zaunar da ita, kada ta kwanta. A wanke mata ido da ruwan randa, a yi ta zubawa. Ta cire mayafin nan da rigar, a jefar waje. Zailani maƙwabcinmu yana gida? Motarsa tana nan?

LUBABATU: Ga matarsa ta fito, ihunmu ta ji. Maman Karima, don Allah kira mana Zailani, asibiti! Malam, Gwaggo tana cewa a ba ta manja, a ɗiga wa yarinyar ma, wai shi ke karya dafi.

ZAYYAD: A'a! Kada a ɗiga mata komai! Ba ci suka yi ba, shaƙa suka yi, manja ba ya zuwa huhu. Ba ni Gwaggon.

GWAGGO: Zayyad... ka yafe mini. Ni fita kunyarka... na so yi.

ZAYYAD: Ki daina magana, Gwaggo, ki ja numfashi a hankali. Ba laifinki ba ne.

GWAGGO: Haihuwa talatin na yi wa wanka... ban taɓa ƙona ko yatsa ba. Yau ga shi... In wani abu ya same ni, kada a ɗaga sunan.

ZAYYAD: Ba abin da zai same ki, in sha Allahu. Ke za ki riƙe ta gobe a yi mata aski. Miƙa wa Lubabatu wayar.

LUBABATU: Ga Zailani yana fito da mota. Me zan ce wa likita? Ba su san wannan abin ba a Kiru.

ZAYYAD: Ki ce tururin dafin murjanin teku suka shaƙa. Zan turo miki sunansa a rubuce ki nuna masa, ya duba. In sun ce Kano, ku wuce Kano, kada ku tsaya jirana. Kuma a sa wa gidan kwaɗo, kada kowa ya shiga sai na zo. Ga ni nan, yanzu zan hau mota.

LUBABATU: Har sunansa ka sani.

ZAYYAD: Na'am?

LUBABATU: Na ce har sunan dafin ka sani. Da ɗacin baki, da shaƙewar ƙirji, duk ka sani. Tun yaushe?

ZAYYAD: Lubabatu, ba yanzu ba, ku shiga mota.

LUBABATU: Muna shiga. Tun yaushe?

ZAYYAD: Tun ranar da na saye shi. Wanda ya sayar mini ya gaya mini. Shi ya sa nake sa safar roba.

LUBABATU: Ni ka ce mini don kada gishiri ya ci maka hannu ne.

ZAYYAD: Na san in na faɗa za ku ce a fitar da shi. In ba a taɓa shi ba, ba ya komai, wallahi shekara biyu ba abin da ya yi. Kuma ai na ce kada kowa ya taɓa, na faɗa miki, na faɗa wa Gwaggo...

LUBABATU: Ka ce kada mu taɓa don kada su mutu, Zayyad. Ba ka ce mu ne za mu mutu ba. Zailani, ja mu tafi.

ZAYYAD: Lubabatu, tsaya ki ji... Alo? Lubabatu?