Girgije Arba'in da Ɗaya a Bayan Littafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban kwamitin wannan ɗakin karatu da sauran 'yan kwamiti. Malama mai kula da ɗakin karatu, wadda ta san mu tun kanmu bai kai tsawon teburinta ba. Baba mai shagon kayan lantarki, wanda ya yi wa wannan wuri kyautar talabijin. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. Yayyenmu masu karatun jarida a bakin taga. 'Yan uwana 'yan mata da ke can layin baya suna ɓoye fuska. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da wannan zama.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga kwamiti da ya ba yarinya kamata damar magana. Ku yi haƙuri da ni. Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Ƙawata da muke kira Rediyo ce ta dace da wannan tsayuwa, amma ta ce yau batirinta ya mutu.

Ga abin da ya tara mu, don wanda bai zo zaman da ya wuce ba. An ba mu talabijin babba, kuma bango ɗaya ne a ɗakin nan ke da wurin jona wuta, shi ne bangon da kantar littattafan labari take. Malama ta duba katunan aro, ta ga ba a cika ɗaukar waɗannan littattafai ba. Sai aka kawo shawarar a zuba su a kwali a kai sito, a kafa talabijin a gurbinsu. Wani daga cikin manya ya ce, “Tunda an mayar da Masu Kiwon Girgije shirin talabijin, wa zai ƙara wahalar karanta littafi huɗu?” Shi ne aka ce a samu wadda ta karanta kuma ta kalla, ta zo ta kwatanta, kafin kwamiti ya yanke hukunci yau.

Labarin a taƙaice: wata ƙasa ce da ruwan sama ba ya zuwa da kansa. Akwai mutanen da ke zaune a kan dutse suna kiwon gizagizai kamar shanu, suna kora su da ƙararrawa zuwa inda gonaki suke. Akwai wata makiyayiya mai i'ina, akwai wani maƙerin ƙararrawa a gindin dutsen. Wata rana ƙararrawarta ta tsage, ta aika a gyara, ta dawo mata da 'yar takarda a naɗe a ciki. Daga nan suka riƙa rubuta wa juna, ba su taɓa haɗa ido ba.

Abu na farko, zan faɗi inda shirin ya fi littafi, domin gaskiya ya fi shi a wasu wurare. Ni da nake karantawa, gizagizan da ke kaina ƙanana ne, kamar audugar filo. Da na gan su a talabijin, kowane ɗaya ya fi ginin nan girma, yana tafe yana gurnani. Littafi ya ce ƙararrawa bakwai ne, kowace da muryarta. Shekara biyu ina karanta wannan layi ban taɓa jin ko ɗaya ba, sai a shirin. Sannan akwai Babana. Kafinta ne, yana zaune can kusa da ƙofa, kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa rabonsa da littafin labari tun yana firamare. Yanzu duk Asabar da yamma zai shigo da garin katako a gira, ko hannu bai wanke ba, ya ce, “Ke, an fara shanun saman nan kuwa?” Ranar da garken ya firgita ya yo kan gari, Baba sunkuyar da kai ya yi a kan kujera. Babu littafin da ya taɓa zaunar da gidanmu wuri ɗaya haka. Wannan na yarda da shi, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Abu na biyu, inda shirin ya yi asara. A littafi, sai tsakiyar na uku suke haɗuwa. A shirin kuwa, ba a yi minti goma da farawa ba ta zame daga kan dutse ya tare ta da hannu biyu. Ban san lokacin da na ce “Ba haka ba ne!” da ƙarfi ba, har Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, tana tsammanin wuta ce ta ja ni. Sun kuma cire mata i'ina. To jama'a, dalilin da ya sa take rubutu ke nan: abin da bakinta ya kasa, hannunta yake faɗa. Idan aka cire i'inar, an cire dalilin takardun. Idan aka cire takardun, an cire jira. Ni kuma a ganina jiran nan shi ne labarin.

Akwai wurin da ta sauko daga dutse ta tsaya a ƙofar maƙera. Shafi goma sha ɗaya tana tsaye ba ta ƙwanƙwasa ba. Tana jin bugun guduma daga ciki, tana gwada sallama a zuci, tana tsoron kalmar farko za ta maƙale mata a wuya. Na karanta shafukan nan sau tara. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin wata ƙofa ta kasa ƙwanƙwasawa ta san su. A talabijin an sa kiɗa, ta ɗaga labule, ta shiga.

Sai maganar fuska. Marubucin bai taɓa siffanta maƙerin ba, hannunsa kawai ya ambata, mai tabon ƙuna. Don haka kowaccenmu da nata maƙerin. Rediyo ta ce nata gajere ne, baƙi, mai wushirya. Ni ba zan faɗi nawa ba, Baba yana nan. Shirin ya kawo mana mutum ɗaya, dogo, riga fes, hannu sumul. Ko Baba sai da ya ce, “Wannan ne maƙeri? Wannan ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.”

Abu na uku, idan aka jera shi da sauran wasannin da muke kallo. Kun san su. Wanda kullum sai an mari wani. Wanda mota za ta buge jarumi ya manta sunansa har sati ashirin. Wanda idan aka faɗi magana ɗaya sai an nuno fuskar kowa a falo bi da bi, har da mai aiki, ana buga ganga. Ina kallonsu, ba zan yi ƙarya ba. Amma wannan shiri ya fi su nesa ba kusa ba: kashi goma sha biyu, ba a mari kowa ba, ba wanda ya laɓe a bayan ƙofa. Sai dai ya ɗan ari halinsu. Sun ƙirƙiro wani ɗan attajiri mai son makiyayiyar, wanda babu shi a littafi ko a shafi ɗaya, kamar ba a yarda mutum biyu sun isa labari ba. A littafi abokin gabanta fari ne, wato rashin ruwa, sai kuma tsoronta. Saboda haka hukuncina shi ne: shirin yana sama da sauran wasanni, yana ƙasa da littattafansa, kuma bai kashe su ba. Tun da aka fara shi masu neman littafin suka ƙaru. Shirin ma bai kai ƙarshe ba. Ya tsaya inda garke ya ɓace, wai sai baɗi. Baba ya ce, “Baɗi? Mutum ya bar dabbobi a sake har shekara?”

Abu na huɗu shi ne mai wuya, kuma don shi na yarda na tsaya nan.

Malama, katinki bai yi ƙarya ba, amma bai san komai ba. Katin littafi na uku ya nuna hatimi ɗaya tak a bana, kuma kin rubuta cewa littafin ya ɓata. Bai ɓata ba. Ga shi a hannuna, an yi masa bango da tsohuwar kalanda. Ni na ɗauka, wata bakwai ke nan. Shi ya sa idan na hango ki sai in tsallaka titi in bi ta gaban shagon tela. Na san doka: wanda ya riƙe littafi fiye da wata ɗaya, a karɓe katinsa shekara guda. Na sani tun kafin in zo.

Amma ku ji yadda abin yake. Teburin aro yana dab da bencin masu karatun jarida. Littattafan kantar nan kuwa, rabinsu da hoton fure ko na mutum biyu a bango. Duk yarinyar da ta ajiye irinsu a teburin, sai wani yaya ya leƙo ta saman jarida ya ce, “Iye, ƙanwata, an girma!” Da wasa yake faɗa, mun sani. Amma da yawanmu gara mu haƙura da littafin da mu ji wannan kalma. Sai muka samo dabara: ɗaya ta daure ta ɗauka, sauran su karɓa a hannunta, daga jaka zuwa jaka, daga aji zuwa aji. Haka muke yi da kusan duk abin da ke kan kantar nan. Ni sau ɗaya na daure, ban kuma iya komawa ba, ga layin masu jiran littafin ya yi tsawo a bayana. Mun ɗauka wayo muke yi. Ba mu taɓa tunanin cewa kowane hannu da littafi ya ratsa ba tare da hatimi ba, shaida ce muke bayarwa cewa ba mai karanta shi. Mu muka jawo wa kantar nan kwali, ba talabijin ba.

Abu ɗaya ya rage mana. Duk wadda ta gama, sai ta zana ɗan girgije da fensir a cikin bangon baya, don ta nuna ta shiga garke. Mai girma shugaba, ga shi, ka ƙirga da kanka. Arba'in da ɗaya ne. Arba'in na san masu su. Na ƙarshen ban ga lokacin da aka yi shi ba. Bayan an nuna kashi na goma sha biyu dai, littafin ya ɓace daga jakata har kwana huɗu, ya dawo da girgije mai kusurwa huɗu kamar akwati, an zana shi da fensir mai kauri, irin wanda ake saƙalawa a kunne.

Ina roƙon duk mai girgije a bayan littafin nan, idan yana cikin ɗakin nan, ya daure ya miƙe tsaye. Ni ma daurewa na yi. Rediyo, fara.

To, Malama, ga su nan. Ga hatimin da katinki bai samu ba.

Baba, ai ban kira suna ba. To shi ke nan, tsaya abinka.

Roƙona uku ne. A bar kantar a inda take. A ja waya zuwa wancan bangon a kafa talabijin, domin muna son ta, kuma Baba mai shago ya fi kowa sanin jan waya ba wuya. Sannan a ɗan matsar da teburin aro daga bakin taga, ko taku biyar ne, ku ga yadda hatimi zai ƙare tawada. Ban roƙi a ɗage mini doka ba. Ga littafin, ga katina, na ajiye su a kan tebur. Na fi son in yi shekara ba kati kantar tana nan, da in riƙe kati in zo in tarar da bango.

Allah ya saka wa wanda ya ba mu kyauta da alheri, ya ƙara wa Malama haƙuri da mu, ya yi wa kwamiti jagora a hukuncin da zai yanke. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya albarkaci karatunmu da kallonmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.