Wutar da Munka Kashe Saboda Kulu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wanga taro. Ranka ya daɗe Hakimi. Dagatai da masu unguwanni. Allah gafarta Liman da sauran malamai. Malamin gona na hukumar En'e da malamin asibiti. Sarkin Noma da manomansa, Sarkin Ruwa da masuntansa, Arɗo da Fulaninsa. Baƙinmu da sunka ɗauro jakuna tun daga Gwandu da Masama da Ceberu da Maruda. Iyayenmu mata da ke saurare bayan zana. Har da ku yaran da kunka haye tsamiya don ku fi kowa gani: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wanga nuni na amfanin gona a Kalgo. Ina godiya ga shugabanni da sunka ce in tashi in yi magana, alhali akwai waɗanda sunka fi ni shekaru, akwai waɗanda sunka fi ni karatu, akwai kuma waɗanda albasarsu ta fi tawa girma, ga ta can a tabarma kowa ya gani. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdulgani mai jigo. A Masama anka yanke mini cibi, fadama ta kawo ni Kalgo, jigon ban ruwan lambu kuma ya riƙe ni. Waɗanda sunka san ni kuwa, na san sunan da kuke kirana a bayan idona: mai gidan da ba hayaƙi. To, yau mai gidan da ba hayaƙi zai faɗa muku abin da ya kashe wutar, da abin da ya same mu bayan ta mutu, da inda munka kwana.

Magana ta fari ita ce ciwon. 'Ya'ya biyar Allah Ya ba ni. Biyu na kwance a maƙabartar gabas, kuma hanya ɗaya sunka bi. Da an yaye yaro, bazara ta kama, sai dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, jini ya riƙa tsattsafowa, haƙora su soma girgiɗi, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Wanda ya iya gudu sai ya koma rarrafe, wanda ya koma rarrafe sai ya kwanta. Ba ni kaɗai ba ne a wanga fili da ya ga haka, ina ganin kawunan da ke sunkuyawa. Bazarar da autata Kulu ta shekara uku, wata safiya uwarta ta share mata baki da gefen zane, ta zo ta nuna mini zanen, ga jini a jikinsa. Wallahi jama'a, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, don na san farkon hanyar, na kuma san ƙarshenta.

Na goya ta a kafaɗa na kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibiti, ga shi nan zaune, ya buɗe bakinta ya duba, sai ya yi mini wata tambaya da ban zata ba. Ya ce ina manyan yayyenta biyu, su ma suna yi? Na ce a'a, su ai wuni suke a daji bayan awaki. Ya ce me suke ci a can? Na yi dariya na ce me yaro zai ci a daji, in ba magarya da kanya da 'ya'yan kuka da duk abin da ya tsinta ba? Ya ce ita fa? Na ce kunu da safe, tuwo da miyar kuka da rana, haka da dare, don kowa ya san ba a ba ƙaramin yaro ɗanyen abu, kada ya sa masa sanyi da gudawa. Sai ya ce mini akwai wani abu da jikinta ke nema, yana cikin tumatir da lemun tsami da gwanda da ganye mai rai, amma ba ya jimre wuta. Tukunyar da ta tafasa tun hantsi har azahar ta riga yaron cinye shi. Ya ce maganin ba ya cikin kwalabensa, yana gindin jigona.

Ashe ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mu masu lambu mun saba, mai kyau na kasuwa, ragowa na tukunya, ɗanye kuwa na akuya da biri. Haka munka tarar, haka kakanninmu sunka yi, ba kuma don ƙeta sunka yi ba.

Magana ta biyu ita ce kashe wutar, kuma a nan ba ni ne gwarzon ba. Gwarzon na can bayan zana, na san yanzu tana hararata ta tsakanin kara. Uwar Kulu ta fara da lallashi. Ta yanka tumatir ta miƙa, yarinya ta kau da kai. Ta matsa lemun tsami a ruwa, yarinya ta ƙwala ihu don bakin duk miki ne. Ga ƙanshin daddawa na tashi a murhu, ga yayyenta na zuba loma, wa zai dubi tumatir? Ranar nan na dawo daga lambu da azahar, na tarar da murhu sanyi ƙalau, an share toka, an kife tukunya. Uwar Kulu ta ce mini muddin tuwo na gaban yarinyar nan ba za ta taɓa wani abu ba, kuma ba a raba wa 'ya'ya kwano, abin da ɗaya zai ci shi kowa zai ci, har mai gida. Na buɗe baki zan yi magana irin ta maza, na dubi Kulu a kan tabarma, na mayar da bakina na rufe.

Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Manyan sun yi kuka, sun yi fushi, ɗayan har ya ce zai koma Masama wurin kakarsa inda ake cin abincin mutane. Ni kaina cikina ya yi ta ƙugi ina ja da jigo, har na ɗauka kwaɗin fadama ne. Amma an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, uwar Kulu kuwa nata haƙurin na ƙin dafawa ne. Ta daka gumba da nono da garin magarya. Ta kwaɗa lansir da tumatir da lawashi da dakakkiyar gyaɗa. Ta jiƙa 'ya'yan kuka ta dama da kindirmo. Ga yalo, ga gurji, ga karas ɗin da malamin gona ya kawo mana irinsa. Kulu da ba ta iya tauna, sai a zaɓo gwanda wadda ta nuna luɓus a lakata mata da yatsa, a bi da ruwan tumatir kaɗan kaɗan. Da ta ga yayyenta na wawason kwano ɗaya da ita, kwaɗayi ya yi abin da lallashi ya kasa.

Magana ta uku, ita ce wadda ta fi ba ni wuya, kuma ita ce wadda ta fi yi mini daɗi. Kun san garinmu. Ba a tambayar mutum ko ya ci, hayaƙin gidansa ake duba. Maƙwabcina Malam Sambo, mutumin kirki, ya ga rana ta yi tsaka ba hayaƙi, ta sake yi ba hayaƙi. Wata safiya sai ga shi a zaurena da damin gero, ya ajiye a lungu, ya rage murya, ya ce in ɗauka ba wanda zai ji, ba don tuwo kaɗai anka yi ciki ba. Na kama hannunsa na kai shi bakin rumbuna, na ce ya leƙa. Ya leƙa ya ga gero har wuya. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya fara taɓuwa, ya saɓi daminsa ya fita. Allah Ya saka masa, don abin da ya yi shi ne maƙwabtaka.

Shi ya haƙura, amma mai ɗakinsa Zulai ba ta haƙura ba. Tsakanin gidajenmu akwai ciyayya tun zuwanmu garin nan, akushi ya tafi, akushi ya dawo. Zulai ta ci gaba da aiko tuwo da rana, malmala uku, miya har tana zuba. Iyayenmu mata, ku kunka san nauyin wanga al'amari fiye da mu. Akushin ciyayya ba ya komawa wayam, in ya koma wayam an yanke zumunci. In uwar Kulu ta hura wuta don ta rama, aikinta ya rushe. In ta zuba ɗanyen ganye ta aika, ta zagi maƙwabciyarta. Ta zauna ta tasa akushin nan gaba ta yi ta kallonsa. Daga bisani ta ajiye tuwon a gefe sai almuru, ta wanke akushi, ta cika shi da kwaɗon lansir, ta jera tumatir da yalo a kai, ta rufe da faifai, ta ce a kai, in ya so a zage ta.

An kuwa zage ta. Labari ya zaga unguwa cewa an aika wa Zulai harawa. A bakin rijiya anka daina amsa gaisuwar uwar Kulu da kyau, a gidan suna anka riƙa tambayarta ko ta zo da kiwo. Ta dawo gida ta yi kuka, na gani da idona, amma washegari akushi ya sake tafiya da abin da ya tafi da shi jiya. Zulai kuwa duk ranar da ya iso sai ta ajiye shi bakin turke don awaki. Abin da ba ta sani ba, 'ya'yanta sun gano hanyar turken. Ita ma tana da ƙaramin da bakinsa ya fara wari, dasashi ya fara jini, tana ta ɓoyewa tana shafa masa toka. Kafin ruwan fari ya sauka, yaron nan ya daina jini. Kafin a yi noman fari, Kulu ta dafa bango ta miƙe, ta taka har bakin zaure ta tarye ni.

Ranar da Zulai ta gane, da ƙafarta ta shigo gidana, akushi a hannu. Ina zaure ina jin su. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Yaya, awakina sun gaishe ki, amma ba su taɓa samu ba, ɗiyana na riga su. Ki gwada min yadda kike haɗa abin nan." Uwar Kulu ba ta ce mata ai na faɗa ba. Tabarma ta shimfiɗa mata, ta jawo turmi.

Daga gidan Zulai akushi ya shiga gidan da take ciyayya da shi, daga can ya shiga na gaba. Ba shela anka yi ba, ba doka anka kafa ba, ba wanda anka ci tara. Hanyar da tuwo ke bi tun kaka da kakanni, ita lansir ya bi. Yau ku tambayi mai unguwarmu yara nawa ciwon baki ya kwantar a bazarar bana, ya faɗa muku da bakinsa, don kada a ce mai jigo na tallar kayansa.

Magana ta huɗu gargaɗi ce, don kada wani ya koma gida ya fasa tukwanen matarsa ya ce ni na sa shi. Mun gwada kashe wuta dare da rana na ɗan lokaci, sai munka ga wuyan yara ya fara tsawo, munka koma ga malamin asibiti, ya ce yaro mai girma ba ya rayuwa da ganye kaɗai. Saboda haka tuwon dare na nan, kunun safe na nan lokacin sanyi, rana ce ta ɗanye. Kifi da nama da wake da rogo, waɗanga na wuta ne, kada a yi musu gardama. Abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwan rijiya mai kyau, ba na kududdufi ba, a wanke hannun da zai yanka, a rufe saboda ƙuda. Wanda ba shi da lambu yana da magarya, yana da kuka, yana da tsamiya, ba wanda ya kafa musu shinge. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Zan rufe da abin da ya faru shekaranjiya. Ina ɗaure jaki zan tafi fadama, sai na ji salatin uwar Kulu. Na shiga da gudu. Na tarar da ita durƙushe, ga Kulu tsaye da jini a leɓe, ga haƙori a tafin hannunta. Na ce shi ke nan, ya dawo. Na buɗe bakin Kulu, na duba sama, na duba ƙasa. Dasashi ja wur, lafiya lau, ga kan sabon haƙori fari ya leƙo a gurbin. Jama'a, famfara ce. Famfara irin ta kowane yaro da Allah Ya ja kwanansa ya kai shekara bakwai. Yayyenta biyu da ke kwance a maƙabarta ba su kai ba, har mun manta akwai haƙorin da ke faɗuwa don girma. Munka zauna a ƙasa ni da uwarta muna kuka, yarinya na kallonmu tana mamakin abin da ya sami tsofaffin nan. Ga ta can gaban mata, wadda ta toshe baki da hannu. Ba kunya take ji ba, an ce mata in ƙadangare ya ga wawulon sabon ba zai fito ba. Bar shi ya gani, Kulu. Ya riga ya fito.

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu, Ya nuna mana furfurarsu. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, manya da ƙanana. Allah Ya sa albarka a rijiyoyinmu da fadamunmu da garkunanmu, Ya ƙara wa iyayenmu mata haƙuri da lada, Ya bar zumunci tsakanin maƙwabta. Allah Ya ja zamanin shugabanninmu, Ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, su tarar da iyalinsu lafiya.

Na gode.